Tsiren Japan: Gawayi, Tsinke da Hannun Gwani

Kaza, gishiri, tsinken gora da gawayi. Kayan aikin ke nan kaf, in ban da wata tukunyar romo da ke zaune a gefen murhu. Da ɗan wannan kayan ne wasu mutane a Tokyo ke ƙarar da ƙuruciyarsu da tsufansu a kan sana'a guda, wadda suke kira yakitori, wato naman kaza da aka soka a tsinke aka gasa. Suna da wata magana a tsakaninsu, cewa shekara uku ake yi ana koyon soka nama, gashin kuwa har mutum ya koma ga Mahaliccinsa bai gama koyo ba. Da jin haka sai ka ce cika baki ne irin na masu sana'a. Amma bi aikin daki-daki ka gani.

Aikin ba a shago yake farawa ba, a dawa yake farawa, cikin tsaunukan lardin Wakayama, ƙasar da a da ake kira Kishu. Can ne wani itace mai suna ubame ke fitowa a gangaren duwatsu kusa da teku. Gajere ne, karkatacce, ba ya saurin girma, ga tauri da nauyi. Da shi ake yin gawayin da ake kira binchotan, wanda ya samo sunansa daga wani ɗan kasuwar garin Tanabe, Bitchuya Chozaemon, da ya yi fataucinsa zuwa birnin Edo, Tokyo ta yau, wajen ƙarshen ƙarni na 17. Mai saran itacen ba ya share gindi gaba ɗaya. Yakan zaɓi rassan da suka yi kauri ya sare, ya bar ƙanana, don kututturen ya sake tofo wa wanda zai zo bayansa. In ya kawo itacen bakin tanderu, sai ya bi karkatattun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan tsaga su a inda suka lanƙwashe, ya cusa guntun itace a tsagar har su miƙe. Dalili kuwa shi ne a tsaye ake jera su cikin tanderun, a matse, kuma karkataccen itace yana barin gurbin da iska za ta shiga ta cinye na kusa da shi.

Tanderun na laka ne da dutse, mutum yana iya shiga ciki ya tsaya. Ana hura wuta a bakinsa kwana da kwanaki, a hankali, har ruwan jikin itacen ya fita. Daga nan a toshe bakin, a bar 'yan ƙananan kafofi, itacen ya riƙa dahuwa a cikin duhu ba tare da ya kama da harshen wuta ba. Mai gawayin ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki. Hayaƙin da ke fita ta bututun baya shi ne ɗan aikensa: launinsa, daga fari mai kauri zuwa shuɗi-shuɗi mai shara-shara, da kuma warinsa a hanci. In hayaƙin ya faɗa masa lokaci ya yi, sai a shiga matakin da ya raba wannan gawayi da sauran gawayin duniya. Yakan riƙa faɗaɗa bakin tanderun kaɗan-kaɗan, awa bayan awa, iska na shiga, zafi na hawa har ya kai wajen digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas. In ya yi garaje gawayin ya tsattsage, in ya yi nawa ya zama toka. Sa'an nan ya ɗauki doguwar ƙugiyar ƙarfe ya riƙa jawo gawayin waje yana ja wur, ya binne shi nan take cikin toka mai danshi da aka cuɗa da ƙasa. Tokar ce ke kashe wutar farat ɗaya, ita ce kuma ke bar masa farar ƙura a jiki, shi ya sa suke ce masa farin gawayi. Abin da ke fita bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin itacen da aka zuba ba. Ka ɗauki guda biyu ka gwara, ƙarar ƙarfe za ka ji. Ka karya ɗaya, cikinsa na sheƙi.

Duk wannan wahala saboda me? Saboda gawayin da aka toya haka ba shi da sauran abin da zai yi hayaƙi ko wari. Ba ya tada harshen wuta, yana riƙe zafi na awoyi, kuma yana jin maganar mafici: ka fifita ya tashi, ka bari ya kwanta. Sai dai yana da wuyar kamawa, kuma in aka ɗora shi kan wuta mai ƙarfi da sanyinsa, danshin da ya sha daga iska na iya sa shi fashewa, ɓaraguzai su yi tsalle. Don haka yaron shago kan fara ɗumama shi a gefen wuta tun da sauran rana, kafin ya tura shi tsakiya. Wanda ya saba tuttula kananzir a kan gawayi ya ƙyasta ashana ba zai yi kwana biyu a wannan aiki ba.

Murhun dogo ne siriri, kamar kwami, faɗinsa daidai tsawon naman da ke kan tsinke. Galibi ba a shimfiɗa masa raga. Sandunan ƙarfe biyu ne kwance a tsawonsa, kan tsinke ya hau ɗaya, gindinsa ya hau ɗaya, naman ya rataya a kan garwashi, mariƙin kuma ya leƙo waje inda ba zai ƙone ba. Gwanin yana jera gawayin da awartaki a matse, don ya san iska ta ratsa babban gurbi ita ce ke tada harshen wuta. Ba ya daidaita zafin ko'ina. Yakan bar wani sashe da wuta mai ƙarfi, wani da matsakaiciya, wani kuma can gefe inda nama zai huta. Jefi-jefi sai ya ƙwanƙwasa gawayin, tokar da ta lulluɓe shi ta zube, jan ya sake bayyana.

Abin mamaki, mutanen da suka kai gashin kaza wannan matsayi sun daɗe ba su ɗauki nama abincin yau da kullum ba. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawaki da karnuka da birai da kaji a watannin noma, kuma ƙyamar nama ta bi koyarwar addinin Buddha ta zauna ƙarnuka. Sai a 1872 aka sanar cewa Sarki Meiji da kansa ya ci naman sa. Ko a lokacin kaza abincin masu hali ce, talaka sai kayan ciki da ragowar da manyan gidajen abinci suka bari, waɗanda masu rumfa ke sokawa a tsinke su sayar a bakin titi. Bayan yaƙin da ya ƙare a 1945 irin waɗannan rumfuna suka cika kasuwannin bayan fage, kuma har yau ana ganin jikokinsu a lungun Omoide Yokocho na unguwar Shinjuku da ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Yurakucho. Kajin gidan gona da suka yawaita a shekarun 1960 su suka sa kaza ta yi araha. A ganina wannan asali na talauci shi ne ya koya wa sana'ar mafi kyawun ɗabi'arta: ba a yar da komai.

Dubi yadda ake fiɗar kazar. Manyan shaguna sun fi son kajin gida da ake kira jidori, irin su Hinai ta lardin Akita da Nagoya Kochin, waɗanda ke daɗewa suna kiwo har namansu ya yi ƙarfi da ɗanɗano. Gwanin yana bin gaɓoɓi da bakin wuƙa, ba ya sara, kuma kowane yanki da sunansa da irin wutar da yake so. Akwai momo, cinya. Akwai sasami, siririyar tsokar nan mai laushi da ke kwance ƙarƙashin ƙirji, wadda sai an zare mata farar jijiya. Akwai seseri, naman wuya, da ake kankarowa daga ƙashi da haƙuri, ɗan kaɗan daga kowace kaza, amma da yake wuya ba ya hutawa, naman na da tauna da maiƙo. Sunagimo shi ne ƙundu, hatsu zuciya, kawa fata, nankotsu guringuntsi, bonjiri kuma ɗan dunƙulen kitsen da ke gindin jela, wanda dole a cire masa ƙullin man da kaza ke shafa wa gashinta, in ba haka ba ya yi ƙarni. Sai sori, wasu 'yan tsoka biyu kacal da ke ɓoye a kwarmin ƙashin ƙugu, waɗanda mai gaggawa kan jefar tare da ƙashi bai ma san da su ba. Abin da ya rage a niƙa shi a yi tsukune, dunƙulen nama. Ƙasusuwa su tafi tukunyar miya.

Suka ita ce ke cin yini. Ɗauki negima, wadda ita ce aka fi sani: cinya da wata doguwar albasa mai farin wuya, ana jera su bi da bi. Gwanin yana kwantar da yankan naman a kan katako, ya danne da yatsun hagu, ya tura tsinke da dama. Ba ya ɗaga naman sama ya soka a iska. Yana ratsa zaren tsokar a gicciye, domin nama na tsukewa in ya ji wuta, kuma in tsinke ya bi tsawon zaren sai naman ya saki ya riƙa zamewa. Tsinken kuma dole ya bi ta tsakiyar nauyin kowane yanka. In ya kauce ko da kaɗan, ranar gashi za a juya tsinke naman ya ƙi juyawa, ɓari ɗaya ya ƙone, ɗayan yana ɗanye. Yankan da ke kusa da mariƙi shi ne ƙarami, suna ƙara girma har zuwa kai. Hikimar biyu ce. Gefen murhu da ke wajen mai gashi bai kai tsakiya zafi ba, don haka ƙaramin yanka ya dace da wurin. Ta biyu kuma, loma ta farko da baƙo zai kai baki ita ce ta kan tsinke, ita ce za ta yanke wa shagon hukunci, to gara ta zama mafi girma. Ba a matse naman har zafi ya kasa ratsawa, ba a kuma bar gurbin da tsinke zai bayyana ya ƙone. In ya gama sai ya shafa da tafin hannu ya ga ko kaurin ya zo ɗaya daga sama har ƙasa. Haka zai yi wa ɗaruruwan tsinke kafin a buɗe ƙofa, kuma in ka jera su a tire sai ka rantse a ma'auni aka zuba su.

Fata ita ce jarrabawar almajiri. Tana da santsi, tana da kitse, ba ta da siffa. Wasu sukan ɗan tafasa ta, su kankare kitsen ciki, su yanka ta siri-siri, su riƙa ninka ta a tsinke kamar ana tattara zane. A Hakata, can kudu a tsibirin Kyushu, naɗe fatar wuya ake yi a jikin tsinke, a gasa sama-sama, a tsoma a romo, a ajiye ta kwana, gobe a sake, haka har kwanaki, kitsen na tsiyayewa a hankali har ta zama mai ƙaras-ƙaras a waje da taushi a ciki.

Ɗanɗano kuwa hanya biyu ce tak, kuma ita ce tambayar da ake yi wa baƙo: shio ko tare, gishiri ko romo. In gishiri ne, gwanin kan ɗaga hannu sama da naman da kamar kamu ɗaya ko fiye, ya murza yatsu, gishirin ya sauko a warwatse ya rufe ko'ina daidai. Wanda ya barbaɗa daga kusa zai tara shi wuri guda. Ƙundu da guringuntsi da fiffike sun fi son gishiri. Hanta da tsukune sun fi karɓar romo.

Romon nan, tare, haɗi ne na shoyu da mirin da sake da sukari, a dafa a wuta marar ƙarfi har ya ɗan yi kauri. Shoyu shi ne baƙin ruwan da ake samu in an haɗa waken soya da gasasshiyar alkama, aka sa musu wata funfuna mai amfani da ake kira koji, aka zuba ruwan gishiri aka bar su watanni suna nuna. Ɗanɗanon da ke cikinsa shi ne wanda masanin kimiyya Kikunae Ikeda ya gano asalinsa a 1908 ya sa masa suna umami, kuma daga bincikensa ne aka fara yin Ajinomoto, farin magin da ke kasuwanninmu. Mirin da sake kuwa daga shinkafa ake yin su, kuma dukansu giya ne: mirin na asali yana da barasa wajen kashi 14 cikin ɗari. Amma sirrin romon ba a haɗin yake ba, a tukunyar yake. Ba a juye ta a wanke. Kowane tsinke da aka tsoma yana barin ɗan maiƙonsa da ƙamshin gawayi a ciki, in ta ragu a ƙara sabon haɗi a kan tsohon, a riƙa tacewa ana tafasawa don kada ta lalace. Akwai shagunan da tukunyarsu ta girmi mai gashin.

Yanzu ga shi tsaye gaban wuta, mafici a hannu ɗaya. Ya ɗora negima a sashe mai zafi, ɓangaren fata a ƙasa. Ba ya taɓa ta da farko. Yana jira gefen naman ya fara fari, fatar ta ɗaure, sa'an nan ya kama mariƙin da yatsu biyu ya juya. Kitse ya fara ɗiga. Kowane ɗigo da ya faɗa kan garwashi yana yin cas, ya tashi da ɗan farin hayaƙi, hayaƙin ya lulluɓe naman. Wannan shi ne ƙamshin da ake biya. Amma tsakanin hayaƙi da gobara taƙi ɗaya ne: in kitsen ya yi yawa harshen wuta zai tashi ya shafa wa naman baƙar kunkunniya mai ɗaci. Kafin harshen ya miƙe, mafici ya riga ya kaɗa shi gefe, ko kuma tsinken ya koma wani wuri. Maficin nan aiki uku yake yi, yana zuga garwashi, yana kashe harshen wuta, yana kuma kora zafi zuwa inda ake bukata.

A nan ne hanyarsu ta rabu da ta mai tsirenmu. Shi namu yana kafa tsinkensa a tsaye kewaye da tukuba, wuta na dukan naman daga gefe, man na gangarowa cikin toka, ƙamshin kuma daga ƙuli-ƙuli da yaji yake zuwa. Na Japan ya kwantar da naman a bisa garwashin da gangan don kitsen kazar ya koma mata a matsayin hayaƙi. Kowa da inda ya ajiye gwanintarsa.

Tsohuwar ƙa'idar gashi a Japan ita ce wuta mai ƙarfi amma daga nesa. Wasu gwanayen yakitori sun saɓa mata. Yoshiteru Ikegawa, wanda ya buɗe shagon Torishiki a unguwar Meguro a 2007 har ya samu tauraron Michelin, lambar yabon gidajen abinci, an san shi da kusanto da nama dab da garwashi, ya riƙa juyawa ba ƙaƙƙautawa don wajen ya rufe da wuri ruwan naman ya tsaya a ciki. Mai wannan salo ba shi da damar ɗauke ido. Tsinke goma ko fiye na gabansa, hanta da ke nuna nan da nan, fiffike da ke son lokaci, kowanne an ɗora shi a lokaci daban, kuma duk lissafin a kansa yake. Ba agogo, ba ma'aunin zafi. Yana duba yadda naman ya kumbura, yana kallon ruwan da ke tsattsafowa a sama ko ya washe, yana jin yadda tsinken ya yi sauƙi a yatsu, yana sauraron ƙarar kitse in ta sauya. Hirar baƙi ma da rabin kunne yake jin ta.

In na romo ne, ba a tsoma shi ɗanye. Sukari da shoyu suna ƙonewa tun kafin nama ya nuna, shi ya sa wanda ya jiƙa ɗanyar kaza a romon kwalba ya ɗora a wuta ya koma kan wayarsa yakan tarar da baƙi a waje, jini a ciki. Gwanin sai naman ya kusa nuna yake nitsa tsinken cikin tukunya, ya ɗaga, ya bari ya tsiyaye, ya mayar kan wuta na ɗan lokaci har romon ya kama jiki ya yi ƙyalli. Ya sake tsomawa, ya sake mayarwa. Sau biyu ko uku, kowane zagaye na ƙara wani siririn rufi. Daga nan kai tsaye zuwa farantin baƙo, tsinke ɗaya ɗaya, don ba a tara su su huce. A gefe akwai shichimi, garin yaji mai haɗi bakwai da ya ƙunshi barkono da riɗi da busasshen ɓawon lemu, akwai kuma sansho mai sa harshe ya yi zir. Ɗan kaɗan ake sawa. Wani abin da ban yaba ba shi ne yayin barin tsakiyar sasami ɗanye-ɗanye, domin ɗanyen naman kaza na ɗauke da ƙwayar cutar da ke ɓata ciki, kuma ma'aikatar lafiyar Japan da kanta tana cewa a dafa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 75 na tsawon minti ɗaya.

Musulmin da ya je Japan sai ya yi tambaya kafin ya miƙa hannu. Ban da batun yanka da giyar da ke cikin romo, wasu masu gashin sukan fesa wa naman sake kafin su sa gishiri, kuma ba kowane abin da aka kira yakitori ne kaza ba. A garin Muroran na tsibirin Hokkaido, naman alade ne da albasa ake sayarwa da wannan suna, haka ma a Higashimatsuyama ta lardin Saitama, inda ake gasa naman kan alade a shafa masa yajin miso, wato kwaɓin waken soya. Ko a shagon kaza zalla, sau da yawa akwai tsinken tumbin alade a jerin abinci. Mai son gwadawa a gida kuwa bai rasa komai ba: akwai shoyu mai shaidar halal, zuma ko sukari da ɗan ruwan lemun tsami na iya tsayawa a gurbin mirin, hanyar gishiri kuma ba ta bukatar ko ɗaya daga cikinsu.

In baƙi sun watse, sauran garwashin ba a zuba masa ruwa. Ana kwashe shi a sa cikin tukunya mai murfi, rashin iska ya kashe shi, gobe da shi za a tada sabuwar wuta don ya fi saurin kamawa. A tace romo, a kankare sandunan ƙarfe. Almajirin da ya yi shekaru a kan waɗannan ayyuka da suka, in ya isa buɗe nasa shagon, wani maigidan kan ɗebar masa romo daga tsohuwar tukunya ya fara tasa da shi. Gawayi kuwa sai ya nema da kansa, kuma nan ne wahalar take a yau. Masu toya binchotan sun tsufa, itacen ubame mai kauri ya yi ƙaranci, ƙasar Sin da a da ke cike giɓin ta hana fitar da irin wannan gawayi a 2004. Shaguna da yawa yanzu suna haɗa na Wakayama ko na lardin Kochi da wanda ake shigowa da shi daga Laos da Biyetnam, ko da na garin katako da aka matse, kuma kowane iri da yadda yake ci, sai mai gashi ya sake koyon halinsa.